Kurakuran da aka fi yi wajen sayen ƙaramar kwamfuta don aiki guda

Mai shagon buga takardu, mai kemis da ke lissafin magani, da ofishin makarantar da ke fitar da sakamakon jarabawa, duk ba sa buƙatar ƙatuwar kwamfuta. Ƙananan nan na hannu irin su Dell OptiPlex Micro, HP EliteDesk Mini da Lenovo ThinkCentre Tiny sun ishe su. Inda ake tafka asara shi ne wajen zaɓe.

Da yawa da zarar sun ga an rubuta i5 ko i7, wato sunan ƙwaƙwalwar kwamfutar (processor), sai su miƙa kuɗi. Lambar da ke biye, mai nuna zubi, wato sabunta ko tsufan ƙirar, ita ce abin dubawa: i5-6500T zubi na 6 ne, i5-8500T kuwa zubi na 8. Windows 11 daga zubi na 8 take farawa, kuma Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025. In aikin na intanet ne, kamar rajistar ɗalibai ko harkar banki, a nemi zubi na 8 zuwa sama. In buga takarda ne kawai, na 6 ko na 7 ya wadatar, ya kuma fi araha.

Sai ma'ajiya. Akwai waɗanda ake sayarwa da arhar banza masu ƙaramar ma'ajiyar da ake kira eMMC ta 32GB ko 64GB, liƙe a jikin allon ciki, ba ta ciruwa balle a sauya ta. Windows kaɗai za ta kusa cinye wurin. A tsaya kan ma'ajiya irin SSD mai 256GB da RAM (ƙwaƙwalwar aiki) 8GB. Ƙara RAM zuwa 16GB ɓarnar kuɗi ne ga mai aiki guda.

Babban abin da ake rainawa shi ne caja. Yawancin waɗannan na'urori cajar wat 65 suke sha; ta Dell da HP bolt 19.5 ce, ta Lenovo 20, kuma bakinsu ba ɗaya ba ne. Cajar Dell tana da ɗan siririn tsinke a tsakiya wanda ta nan kwamfutar ke gane ta. In jabu ce, ko tsinken ya karye, na'urar za ta tashi amma ta rage gudunta ƙwarai, mai ita ya yi ta zargin birus. A kunna ta tun a gaban mai sayarwa, a duba ko ta gane cajar, sannan a shiga BIOS, wato shafin saitin da ake buɗewa kafin Windows ta tashi. Nan kuma za a gane ko an kulle BIOS ɗin da kalmar sirri; in an kulle, a bar masa kayarsa. Kuma tunda ba ta da batir irin na laftof, kamfanin wutar lantarki, irin su KEDCO, na ɗauke wuta za ta mutu da aikin da ba a adana ba. Rarar kuɗin a sa ta a UPS, na'ura mai batir da ke riƙe wuta in an ɗauke, ko ƙaramar inbata. Wutar da take ci kaɗan ce, sola tana ɗaukarta cikin sauƙi, amma kada a jona firinta mai leza a kan ƙaramin UPS, jan wutarta ya fi ƙarfinsa.

A leƙa bayanta ma. Da yawa ramin jona allon kallo (monita) irin DisplayPort ne da su, alhali tsofaffin allunan da ke shagunanmu VGA ne, sai an haɗa da mahaɗi. Ba kowacce ke zuwa da Wi-Fi ba.

Zafin Afrilu da ƙurar hunturu kuwa ba sa raga wa ƙaramar fankarta. Kada a cusa ta cikin durowa, kada a lulluɓe ta da ƙyalle tana aiki. A buɗe murfin a hure ƙurar duk bayan wata uku, a ƙara kusantowa lokacin hunturu. In agogonta na komawa baya duk sanda aka cire ta daga wuta, batirin CR2032 na ciki ne ya mutu. A sauya shi, don kwanan wata in ya kauce shafukan banki ba za su buɗe ba.