Kurakuran da ake yi wajen taimakon mai ciwon ƙwaƙwalwa da laka

Ƙwaƙwalwar babban mutum ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, amma tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86 masu aika wa juna saƙo, kuma daga gindinta ne laka take gangarowa ta cikin ƙashin baya tana kai umarni ga hannuwa da ƙafafu. Rashin sanin wannan tsari ne yake sa mutane a unguwannin Garwa da Marwa na arewacin Kamaru su cutar da majinyaci alhali nufinsu taimako.

Kuskuren da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wanda ake yi wa mai farfaɗiya. Da yaro ya faɗi, sai wasu su watse don tsoron kada yawunsa ya shafe su, wasu kuma su danne shi, su cusa masa cokali a baki, su ɗura masa ruwa. Farfaɗiya ba ta yaɗuwa ta yawu ko taɓawa. Saƙonnin ƙwaƙwalwa ne suke rikicewa na ɗan lokaci. Cokalin yana karya haƙori, ruwan kuma yana iya gangarawa huhu. Abin yi shi ne a janye shi daga murhu ko bakin rijiya, a sa masa zane a ƙarƙashin kai, sannan a kwantar da shi a gefe guda idan jijjigar ta lafa. In ta wuce minti biyar, sai asibiti.

Haka nan idan bakin dattijo ya karkace, hannunsa na dama ya saki, maganarsa ta sarƙe, iyali sukan ce iska ce ta buge shi, su kwana suna hayaƙi da shafe-shafe. Ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa ne yake sarrafa ɓarin dama na jiki, kuma a ɓarin hagun ne cibiyar magana take ga yawancin mutane, saboda haka alamun nan suna nuna cewa hanyar jini ta toshe ko ta fashe a can, galibi sakamakon hawan jinin da aka daɗe ba a auna ba. Addu'a ba ta hana tafiya asibiti, a yi ta a cikin mota, domin kowace sa'a da ta wuce ƙwayoyin jijiya suna mutuwa.

Wanda ya faɗo daga babur kada a ɗauke shi ɗaukar buhu, wani ya kama hannu wani ya kama ƙafa. Idan ƙashin wuya ya karye, lanƙwasa shi na iya yanke laka, mutum ya shanye har ƙarshen rayuwarsa. A riƙe kansa daidai da jikinsa, a ɗora shi a kan katako ko ƙyaure.

Saura sanƙarau, ciwon da yake kama fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka, wanda yake tasowa daga hunturu zuwa bazara. An fara rigakafin nau'in A a Kamaru da Chadi a 2011, amma akwai wasu nau'o'in, don haka zazzaɓi mai zafi tare da sandarewar wuya ba a jira da shi gari ya waye.