Yadda za ka sa ido a kan ƙullutun da ya daɗe a fatar kanka

Akwai irin ƙullutun nan da ke fitowa a ka ko a wuya, ba ciwo ba ƙaiƙayi, mutum ya yi shekara da shekaru da shi har ya manta sai in kum ya taɓo wajen. Yawanci daga gindin gashi yake tasowa kuma gaskiya galibinsu ba wani abin tashin hankali ba ne. Wani kamar 'yar jaka yake cike da abu mai kauri, irinsa kusan 9 cikin 10 a fatar kai yake fita. Wani kuma, pilomatirikoma, an fi ganinsa jikin yara, in ka taɓa za ka ji tauri kamar tsakuwa a ƙarƙashin fata. To amma jefi-jefi, musamman ga waɗanda suka manyanta, wani yakan juye ya zama kansa, wato ciwon daji.

Abin yi shi ne ka sa wani ya ɗaukar maka hoto da waya, a ɗora rula a gefe, don ai ba ka iya ganin ƙeyarka. Duk wata a sake. Abin da kake nema canji ne: ya zauna shiru tsawon lokaci sai kawai cikin 'yan watanni ya fara kumbura, ko ya fashe ya zama gyambo ya ƙi warkewa, ko yana jini da an ɗan taɓa, ko da can yana motsi in ka tura shi yanzu ya kafe, ko kaluluwa ta fito a wuya ko bayan kunne. Ko ɗaya ka gani, sai wajen likitan fata, kar ka ce bari in ga wata mai zuwa.

Don Allah banda matsewa, banda tsagawa da reza.

In za a cire, ka tambaya kai tsaye ko za a kai naman lab, wato ɗakin gwaji, domin ido kaɗai ba ya rabe mai lafiya da mugu, sai an duba a madubin likita. Nan ne mutane da yawa ke sakaci, an cire an dinke shikenan sun tafi. In aka ce kansa ce, tiyata ake yi a yanke har da ɗan naman da ke kewaye, sannan ka dinga komawa ana dubawa saboda irin wannan tana son dawowa a wuri ɗaya. Kuma in a danginku akwai masu ƙananan ƙulluta da yawa a gefen hanci ko a ka, ka faɗa wa likita, akwai nau'in da ake gado.