Yadda za ki samu mai kawo miki furen sweet pea a Kano

Sweet pea furen ƙasar sanyi ne. Asalinsa tsibirin Sisili da kudancin Italiya, daga can wani malamin coci, Francesco Cupani, ya aika da irinsa Ingila a 1699, masu lambu suka yi ta auratayyarsa har ya fito da fari, ruwan hoda, ja da shunayya. Ƙamshinsa ne ke jan mutane. Sai dai in an yanke shi, kwana uku zuwa biyar yake yi a ruwa, shi ma sai da lallaɓawa. Don haka a Kano samun mai cewa "zan kawo" ba wuya ba ne. Aikin shi ne samun wanda zai kawo shi bai yi yaushi ba.

Fara da duba wata. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, ni dai ba zan ba ki shawarar sa kuɗinki a lokacin ba. Disamba da Janairu sun fi, ga sanyin hunturu, kuma lokacin ne manoman Japan ke fitar da nasu kasuwannin duniya.

Sai neman mutum. Masu dekoreshon na biki su ne ƙofa ta farko, yawancinsu suna Instagram da WhatsApp. Ki faɗa musu tun farko ɗanyen fure kike nufi, domin mafi yawan abin da ake ƙawata zauren dina da wurin kamu da shi na roba ne, kuma akwai na robar da sai kin taɓa za ki gane. Ki tura hoto. Furen yana da tattausan kunnuwa masu lanƙwasa kamar fukafukin malam-buɗe-littafi, fure uku ko huɗu a kan siririn kara ɗaya. Masu sayar da shuke-shuke a bakin titi, irin na Nasarawa GRA, na tukunya suke sayarwa, amma tambayarsu ba asara ba ce, sukan san masu harkar.

In kin samu mutum biyu ko uku, a nan za ki zauna ki yi tambaya da kyau. Daga ina zai taho? Wace rana zai sauka Najeriya? Irin wannan fure yawanci daga waje ake yo odarsa, ya biyo ta Legas ko Abuja, kuma duk kwanan da ya yi a hanya daga cikin 'yan kwanakinsa aka cire. Ta jirgi za a turo shi ko ta mota? Abuja zuwa Kano ya fi kilomita 400, kwalin da ya sha wannan tafiya a but ɗin mota ba abin kai wa amarya ba ne. In ta jirgi ne, wa zai karɓa a filin jirgin Malam Aminu Kano, a cikin me zai saka shi? A ina zai kwana, kuma in an ɗauke wuta fa? Wanda ya saba zai amsa miki ba gargada. Wanda ya ce "Hajiya, kar ki damu, ki bar min komai" ba tare da bayani ba, ki yi masa godiya ki nemi wani.

Kafin ki tura kafin alƙalami, a rubuta komai a WhatsApp: launi, yawan kara, rana da sa'a, kuɗin kawowa, da abin da za a yi in furen bai iso ba. Ki ba da aƙalla mako biyu. Farashi zai bi dala, kar ki yi mamaki in ya motsa. Kada ki biya duka sai an turo miki bidiyon furen a ranar, ba tsohon hoto ba.

A kawo da sassafe, a mota mai AC, ba a babur ko A Daidaita Sahu ba. In gidan a lungu yake cikin birni, sa yaro ya jira a bakin titi. Ranar Juma'a kuwa a iso kafin a fara tare hanyoyin masallaci.

Da ya iso ki duba kafin direba ya juya. Ki ɗan girgiza: in kunnuwan na zuba, ya tsufa. In lafiya lau ne, datse gindin kowane kara kaɗan, cire ganyen da zai nutse, ki sa a ruwa mai tsabta mai sanyi, kina canzawa kullum. Nesa da taga, nesa da bakin fanka, kuma kar ki ajiye shi kusa da ayaba ko tumatir, iskar da suke fitarwa in suna nuna tana kakkaɓe shi da wuri. Ba a cin 'ya'yansa, suna da guba, a kula da yara.

Ki kuma zaɓi madadi tun ranar ciniki. Wardi ya fi shi juriya nesa ba kusa ba, kuma ana nomansa a Jos, tafiyar 'yan sa'o'i daga Kano.