Darasi na Shida: Zaɓen Kwalba da Mazubi Don Giyar da Aka Haɗa a Gida

Giyar da aka zuba a kwalba a gida ba ta gama aiki ba. Akwai sauran yisti mai rai a cikinta. Kafin a rufe, mai haɗawa yakan ƙara ɗan sukari, kamar giram 6 a kowace lita, yistin ya ci sukarin ya fitar da iskar gas. Da yake marfi ya toshe hanya, iskar sai ta narke cikin giyar, ita ce kumfar da kake gani in an buɗe. Wannan yakan ɗauki kamar mako 2 a ɗaki mai matsakaicin ɗumi. Ƙarfin iskar da ke taruwa a ciki yana kai wanda ke cikin tayar mota, wani lokaci ma ya wuce. Saboda haka tambayar farko ga kowace kwalba ita ce: za ta iya riƙe wannan iska?

Kwalbar da za ta iya da wadda ba za ta iya ba

Abin da kwalba ta ɗauka tun daga masana'anta shi zai gaya maka abin da za ta iya ɗauka a hannunka. Wadda aka sayar da giya ko lemo mai gas a ciki an ƙera ta don matsin iska. Kwalbar miya, ta man girki, ta magani, ko tulun gilashi mai faɗin baki, duk ba a yi su don haka ba. Komai kyansu, ka ajiye su gefe. In kwalba ta fashe da iska a ciki, tarwatsewa take yi, ɓaraguzan gilashi su watsu har ƙarshen ɗaki, kuma ido ba ya da na canji.

Cikin masu gas ɗin ma akwai bambanci. Kwalbar da ake mayarwa kamfani a sake cikawa ta fi kauri da nauyi, ita ce abin nema. Wadda ake murɗe marfinta da hannu tana da siririn baki mai zare, na'urar matse marfi ta gida ba ta kama ta da kyau, wani lokaci ma ta ɓantare bakin. Ɗaga kowace kwalba ka duba ta a haske, ka shafa yatsa a leɓenta. In ka ji ɓalli ko ka ga tsaga, ko da kamar gashi ce, jefar da ita.

Launi

Ana sa wa giya furen wata shuka mai suna hof, shi ke ba ta ɗaci da ƙamshi. In hasken rana ko na dogon ƙwan lantarki ya ratsa giyar, sinadarin ɗacin nan yakan rikiɗe ya koma wani abu mai wari irin na bodari. A cikin rana tsaka ba ya buƙatar awa guda. Kwalba mai ruwan ƙasa tana tare mafi yawan wannan haske, koriya tana tare kaɗan, fara kuwa kusan babu abin da take tarewa. In farare ko koraye kawai gare ka, ba laifi, amma ka sa su cikin kwali ka rufe, ka ajiye a wuri mai duhu.

Marfi

Marfin ƙarfe mai haƙora wani Ba'amurke ne, William Painter, ya ƙirƙiro shi a birnin Baltimore a 1892. Na yau haƙoransa 21 ne, faɗinsa kuma milimita 26 a yawancin kwalabe. Manyan kwalabe irin na shamfen, wato giyar inabi mai kumfa, sukan ɗauki mai milimita 29, don haka ka gwada kafin ka sayi marafe da yawa. Sau ɗaya ake amfani da shi. Wanda aka riga aka ɓalle ya lanƙwashe, ba zai sake riƙe iska ba.

Akwai kuma kwalba mai marfi a maƙale da waya, da zoben roba a ƙarƙashinsa. Wannan ba ta buƙatar na'ura, kuma ga mai farawa na fi son ta. Zoben ne kawai ke tsufa: in ya bushe ko ya tsattsage, sauya shi.

Roba

Gorar lemo mai gas, wadda ke da lamba 1 cikin alamar kusurwa uku a gindinta, tana riƙe iska sosai, kuma ko ta fashe ba ta yanka. Tana da wani amfanin da gilashi ba shi da shi. Ko da gilashi kake amfani, cika gora ɗaya tare da sauran, kana matsa ta da hannu kowace rana. In ta yi tauri kamar dutse cikin kwana biyu ko uku, iskar ta yi yawa da wuri, sai ka kai sauran kwalaben wuri mai sanyi. Raunin roba shi ne iskar waje tana ratsa jikinta sannu a hankali, bayan 'yan watanni giyar ta soma ɗanɗanon jiƙaƙƙen kwali. Kada ka wanke ta da tafasasshen ruwa, motsewa za ta yi. Siririyar gorar ruwan sha ba ta cikin wannan lissafi.

Mazubin tsimawa

Kafin kwalba, giya takan yi mako 1 zuwa 2 a babban mazubi. Bokitin robar da aka yi don abinci, mai lamba 2, ya isa, haka ma babban tulun gilashi ko na ƙarfen da ba ya tsatsa. Bokitin da ya taɓa ɗaukar fenti, fetur ko maganin ƙwari ba ya wankuwa. Ƙarfe mai shafen zinki kuma tsamin giya na narkar da zinkin. Bar kashi ɗaya cikin biyar na mazubin babu komai saboda kumfa, kuma a nan akasin kwalba ake yi: dole iska ta sami mafita. Ana huda marfin a sa siririn tiyo, a tsoma ɗaya bakin cikin kofin ruwa, gas ya fita, iskar waje ba ta shiga. Wanke roba da soso mai laushi, don ƙwayoyin cuta a cikin ƙarzuwa suke ɓuya.

Kada ka yi gaggawar ɗurawa. Giyar da ba ta gama tsimuwa ba ita ce ta fi fasa kwalabe, komai kaurinsu. In kana da ma'aunin sukari, jira sai ya nuna lamba ɗaya kwana 3 a jere. Wajen cikawa, bar kamar santimita 3 tsakanin giya da marfi.

Aikin yi

Lita ɗaya mililita 1,000 ce. Lita 20 za ta cika kwalba 40 masu mililita 500. Lissafa a littafinka: kwalba nawa masu mililita 330 za ka tanada don lita 20 ɗin? In kuma giram 6 ake sa wa kowace lita, giram nawa na sukari za ka auna?