Huɗa da Zuba Taki a Gonar Masara

Ba yawan buhunan taki ne ke cika rumbu ba. Taki yana aiki ne idan saiwa ta samu ƙasa mai laushi, aka kuma binne shi a kan lokaci.

Kada a sa garma sai ruwa ya jiƙa ƙasa sosai. A damƙi ƙasa a hannu: idan ta dunƙule, aka taɓa ta da yatsa ta wargaje, lokaci ya yi. Idan tana manne wa hannu, a dakata, domin kaftu a kan caɓi yana daskarar da ƙasa, musamman ta laka, saiwa ta kasa nutsewa, ruwa ya kwanta a kwari. Zurfin santimita 15 zuwa 20 ya isa. A jigawa kuwa yawan haro ɓarna ne. Ƙasar takan koma gari, ruwa da iska su kwashe ta. A gona mai gangare a yi kunyoyi a gicciye, kada ruwa ya tafi da takin.

A bar santimita 75 tsakanin kunya da kunya, 25 tsakanin rami da rami, tsiro ɗaya a kowane rami. Wannan yana ba da tsiro kusan 53,000 a hekta.

Ma'aunin da aka saba bai wa manoman masara a yankin Kaduna da kudancin Kano da Katsina shi ne buhu 8 na kamfa 15-15-15, wato takin NPK, mai kilo 50, da buhu 2 da rabi zuwa 3 na yuriya a hekta guda. Kamfa ake fara zubawa, kwana 7 zuwa 14 bayan shuka. A huda rami da tsinke, tazarar yatsu huɗu daga gindin tsiron, a zuba cikin murfin kwalbar lemo har da tozo, a rufe da ƙasa. Idan takin ya taɓa kara, zai ƙone shi.

Yuriya sai mako 4 zuwa 6, bayan an yi maimai, rabin murfi a kowane gindi. A nan ne aka fi tafka asara. Yuriyar da aka watsa a sarari, rana ta buge ta, wani kaso na sinadarinta yakan bi iska. Idan kuma ruwa mai ƙarfi ya biyo baya, ya wanke ta. A binne ta a ƙasa mai danshi, a bi da ban ƙasa. Zuba ta cikin ciyawa kuwa, ciyawar aka ciyar.

Ganye yana nuna abin da ya gaza. Idan na ƙasa ya fara rawaya daga tsininsa yana bin jijiyar tsakiya, yuriya ce ba ta isa ba. Idan ƙaramin tsiro ya yi shunayya, fosfaras ne ya yi ƙaranci, abin da kamfa ko sufa, wato takin fosfet, ke bayarwa.

Wanda kuɗinsa bai kai ba, gara ya rage faɗin gonar ya ba ta cikakken taki. Gonar da ta gaji kuma, ko wadda ƙuduji ya kama, a zuba mata takin dabbobi kafin huɗa, baɗi a shuka waken soya ko gyaɗa a wurin.