Yadda ake saita shokazobar ƙaramar motar aiki gwargwadon lodi

Ƙananan motocin aikin gona irin su Polaris Ranger da Kawasaki Mule, don matsakaicin nauyi ake saito su daga kamfani. Da ka cika bayansu da buhuna sai bayan ya zauna, gaban ya ɗaga, sitiyari ya yi sakwa-sakwa a hannu, fitila ta koma haska sama. Gyaran yana jikin shokazoba, wurin zoben da ke danne sifirin.

Awo ne farko, kada ka yarda da kallon ido. Ka tsayar da motar a wuri mai baje, ka daidaita iskar tayoyi. Ɗaga bayan da jak har tayoyin su bar ƙasa, ka auna daga tsakiyar taya zuwa wata alama da ka yi a bodi. Sauke ta, ɗora kayan da ka saba ɗauka, direba ya hau, a ɗan gara ta gaba da baya don ƙafafun su zauna, sannan ka sake aunawa. Bambancin shi ne zaman da ta yi. Ana so ya kai kusan kashi 30 cikin 100 na iyakar motsin ƙafar, wato nisan da taya ke iya yi sama da ƙasa, wanda ke rubuce a littafin motar. In santimita 25 ce, zaman ya tsaya tsakanin 7 da 8.

In ya zarce haka, sake ɗaga ta, ka tokare da ƙarfen tokari, domin jak kaɗai ba abin amincewa ba ne. Wanke lakar da ta daskare a zoben tukuna. Wani zoben matakai gare shi, galibi biyar, wani kuma murɗa shi ake yi kamar noti, da zobe na biyu mai kulle shi, wanda za ka fara kwancewa. Da sifana mai ƙugiya ake juyawa. Masu bugun sa da guduma da sukundireba haƙoransa kawai suke cinyewa. Ƙara mataki ɗaya, ko zagaye biyu, ta wajen da zai ƙara matse sifirin, ka sauke ka auna. Abin da ka yi wa dama, shi za ka yi wa hagu, in ba haka ba motar za ta karkace.

Matse zoben tsayin motar yake dawo da shi, ba ya ƙara mata ƙarfin ɗauka. Iyakar nauyin da kamfani ya rubuta tana nan daram. In ka kai matakin ƙarshe bayan bai taso ba, ko dai lodin ya yi yawa ko sifirin ya gaji.

Ranar da za ta fita ba kaya, mayar da zoben inda yake, don kada bayan ya riƙa tsalle a gargada.