Babi na 6: Mahaifar Akuya da Ƙidayar Kwana 21

Darasi na ɗaya

Akuya tana da gidan ƙwai biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, kusa da mahaifa. Idan ƙwai ya fita, sai wani ɗan tsiro rawaya ya cike gurbinsa. Tsiron nan ne ke fitar da sinadarin da ke riƙe ciki. Muddin yana nan, akuya ba za ta nemi bunsuru ba.

To wa ke kawar da shi? Mahaifa ce. Idan ciki bai shiga ba, wajen kwana na 16 ko 17 bayan ta nemi bunsuru, mahaifa takan saki nata sinadarin, ya bi jini zuwa gidan ƙwai, tsiron ya narke. Sai akuya ta dawo neman barbara wajen kwana na 21. Idan kuwa ciki ya shiga, ɗan tayin ne ke hana mahaifa sakinsa.

Darasi na biyu

Nan ne ake tuntuɓe, don haka mu bi a hankali. Ranar da bunsuru ya hau akuya, ku rubuta kwanan wata. A ranar, ba gobe ba. Wanda hannunsa bai saba ba ya ja layi a bango, babu kunya a ciki. Washegari ne kwana na 1. Ku ƙirga har 18. Daga kwana na 18 zuwa 24 ku duba ta safe da yamma: kaɗa jela, yawan kuka, kumburin gaba, ruwa mai yauƙi. In ta tsaya wa bunsuru, cikin bai shiga ba. Ku sake rubuta kwanan, ƙidaya ta koma 1.

Mu maimaita. Ranar hawa a rubuta. Washegari 1. Kada ku ce za ku riƙe a ka. Haba, mai akuya goma ya riƙe kwanan kowace a ka? Ku rubuta!

Darasi na uku

Cikin akuya wajen kwana 150 ne, kuma tsiron ke riƙe shi har haihuwa. Allurar furostagilandin, wadda ake yi don ta nemi bunsuru, narkar da tsiron take yi. A yi wa mai ciki, sai ɓari. Ku nuna wa likitan dabbobi kwanan da kuka rubuta tukuna.

Darasi na huɗu

Wani lokaci mahaifa takan cika da ruwa, tsiron ya ƙi narkewa, ciki ya yi girma babu ɗa. A kai ta a yi mata hoton ciki.